Ƙofar da Hajo Ta Fasa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya, in mai daɗi ce ta zauna.

To, ku matso. Ranar da Rabe ya fara shiga ɗakin karatun Tudun Ɗinya, taɓon gona ne har idon sawunsa. Damina ta kankama, masara ta kai gwiwa. Hajo tana zaune bayan tebur tana danna waya, don babu wani abin yi a ɗakin sai kallon ƙudan da ke bin gilashi. Ta ɗaga kai. Ba fuskarsa ta fara duba ba, sawun da ya bari a kan farin tayil ta duba.

"Malam, nan ba shagon taki ba ne."

"Na lura," in ji shi. "Shagon taki akwai mutane."

Sai a lokacin ta dube shi sosai. Dogo ne, baƙi, da ɗan murmushin da bai nemi izinin kowa ba. Ya ce tsutsa ce ta addabi masararsa, tana cin ta daga ƙoƙon ganye, ko akwai littafin da ya yi maganarta. Hajo ta tashi tana yatsina, ta bi kantocin littattafai ɗaya bayan ɗaya. Ta samo littafin noman tuffa a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Ta samo na kiwon doki irin na Turawa. Na tsutsar masara kam, babu.

Rabe ya karanta allon da aka rataye a bango, wanda aka rubuta A YI SHIRU, ya dubi kujerun da ko leda ba a cire musu ba.

"Wa ake hana surutun, Malama? Ke da ƙudan?"

Ya fita. Ta bi shi da harara, ta ɗauko tsumma ta goge taɓon. Amma har ta koma gida tana jin maganar tana cizon ta.

Bari in faɗa muku yadda aka yi ɗakin nan ya samu. Tudun Ɗinya ƙauye ne a tsakanin Funtua da Malumfashi, in ka saki titi ka yi wajen Ƙarfi. Ƙungiyar ci gaban garin ce ta gina ɗakin, shugabanta kuwa wani Zaharaddeen ne, ɗan garin da ke zaune Abuja, mai zuwa da mai ɗaukar hoto a bayansa ko gaisuwar mutuwa zai je. Shi ya zana ginin. Ya sa ƙofar gilashi ƙwaya ɗaya tak, ya fuskantar da ita ga durumin ƙofar masallaci, inda dattawan gari ke zaman majalisa tun hantsi. Dalilinsa shi ne kowa ya riƙa ganin sunan mahaifinsa da aka rubuta da ruwan zinari a saman ƙofar. Dattawan da rabinsu ajami kawai suke karantawa.

Ita kuwa Hajo ɗiyar Alhaji Maiwada ce, babban ɗan kasuwar hatsi a Funtua. Ta yi karatun harkar laburare a Zariya, aka ɗauke ta aikin. Mahaifiyarta 'yar Tudun Ɗinya ce, saboda haka a gidan kakanta Malam Mudi take zaune. Malam Mudi shi ne babba a majalisar durumin nan. Kullum da safe Hajo za ta ratsa gabansu da takalminta ƙwas-ƙwas, tana wasan jika.

"Tsoho, yau ma babu cefane? Sakina za ka yi kawai."

"Wa zai saki amarya mai albashi?" in ji shi. Majalisa ta ɗauki dariya, ta wuce ta buɗe ƙofarta.

Ta buɗe wa wa? Maza suna gona. Mata kuwa, gida-gida ta bi tana gayyatarsu. Kowacce ta ce to, in Allah ya yarda. Har da wata Amina, matar aure da ta gama sakandare tana burin shiga makarantar kiwon lafiya, wadda ta riƙe hannun Hajo ta ce gobe tana nan tafe. Goben ba ta zo ba.

"Matan garin nan ba ilimi suke so ba," Hajo ta ce wa kakanta. "Daka, haihuwa, gulma. In ka kawo musu ɗakin karatu har bakin gado ma, shanyar kuɓewa za su yi a ciki."

Tsohon ya dube ta, ya ci gaba da jan casbinsa.

Da ta je Zariya ƙarshen mako, sai ta bi ta wajen malaman gona ta karɓo ƙananan littattafai da Hausa, har da na tsutsar nan. Wai don kada a sake raina mata ɗaki ne. Haka ta faɗa wa kanta. Ta nemi lambar Rabe ta tura masa saƙo.

"Mai Taɓo, littafinka ya samu. Ka wanke ƙafa kafin ka zo."

Amsa ta dawo nan take.

"Malama Shiru, na gode. Zan wanke har da ta gobe."

Ya zo, ya karanta, ya dawo. Ashe manomi ne da damina, birkila da rani, kuma ya gama sakandare tun tuni, yana son difiloma ta aikin gona, sai dai jarrabawar yanzu a kwamfuta ake yi, shi kuwa bai taɓa taɓa ta ba. Ga kwamfutoci a ɗakin an lulluɓe da ƙyalle kamar gawa. Hajo ta yaye ɗaya ta kunna masa. Yatsunsa masu kaushi suna danna harufa biyu a lokaci ɗaya, tana dariya, yana cewa ai laifin wanda ya ƙera abin ne, bai san hannun maza ba.

Kafin masara ta yi goyo, saƙonnin sun sauya launi.

"Malama Shiru, yau ina kaftu ina ta karanta sunanki a ganyen masara."

"Ka dai kula, kada ka sare ƙafa. Ina da bukatarta, ko da taɓonta."

"Ƙafar da mai ƙafar duk naki ne."

Wata rana da yamma, suna tsaye a cikin ɗakin, ya nuna mata majalisa ta gilashi.

"Kin ga dattijon can na hannun daman kakanki, mai tufkar igiya, mai riga da faci a kafaɗa? Malam Mutallabi ke nan, mahaifina. Jiya na sa an gaya masa zancenki."

Hajo ta ce to. Ba ta ɗauki abin da nauyi ba.

Washegari ta fito kamar kullum, makulli a hannu. Tana karyo kwana ta hango durumi, ta hango dattijon yana tufkarsa. Ƙafafunta suka tsaya cak. Ta ce musu ku tafi mana, suka ƙi. Yaya za ta ratsa gaban uban Rabe da takalmi? In ta cire ta durƙusa, da wane baki za ta gaishe shi? In ta tashi kuma, ta juya masa baya ta shiga ɗakin gilashi, ya wuni yana ganin ta tana miƙe ƙafa tana shan ruwa? Dattijon ya ɗago kai. Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya da sauri ta faɗa lungu.

Rabe kuwa yana kan babur ɗinsa a bakin hanya, ya ga komai. Abin da ya gani shi ne 'yar Alhaji ta dubi rigar ubansa mai faci ta kau da kai.

Ranar ba a buɗe ɗakin karatu ba. Washegari ma haka. Saƙonsa ya shigo.

"Hajara, na ga yadda kika yi da kika ga babana. Ba laifinki ba ne, ni ne na manta gidan da kika fito. Allah ya haɗa kowa da daidai shi."

Hajara. Ko Malama Shirun babu. Ta karanta ta zauna a kan wani kututture a lungun bayan ɗakin karatu, ta rasa me za ta rubuta. Kunya ce ta hana ta wucewa, kunyar ce kuma ta hana ta faɗa.

Tana zaune, mata suna wucewa. Wannan da ƙwaryar niƙa za ta injin, waccan da bokiti za ta famfo, wata da goyo za ta barka. Duk ta lungun nan, suna goga kafaɗa da bangon ɗakin karatu. Ba wadda ta bi ta gaban durumi. Hajo ta bi su da ido, ta dubi bangon, ta dubi ƙafafunta. Majalisar nan, kowace matar aure a garin tana da suruki a cikinta. Ita kaɗai ce take da kaka.

Sai ga Amina da niƙa a ka.

"Malama, yau ke ce a hanyarmu?"

"Amina, wa kike da shi a gindin durumi?"

"Uban mijina da ƙannensa biyu." Ta ƙare mata kallo, ta soma murmushi. "Ke fa? Kwanan nan na ga kin daina ratsawa."

Hajo ta sunkuyar da kai. Amina ta tafi tana dariya har niƙan na neman zubewa.

Nan take ta rubuta masa.

"Mai Taɓo, kai wani irin mutum ne? Ka nuna wa mace surukinta, sannan ka ce ta wuce ta gabansa da takalmi? Ba rigarsa na gani ba. Babanka na gani."

Aka ɗan jima.

"Malama Shiru, na yi wauta. Ki yanke mini hukunci."

"Ka zo da guduma."

Ta bi ƙa'ida, ta fara kiran Zaharaddeen. Shi ma ɗin ya daɗe yana zarya gidan Alhaji a Funtua da kwalayen turare, yana ganin auren Hajo wani gini ne da zai sa wa suna. Ta yi masa bayanin ƙofar da take so a fasa wa mata ta lungu. Ya yi wata dariya ta hanci.

"Ƙofar baya? Hajo, kin san wanda ya duba mini dizayin ɗin nan? Matan ƙauye ne za su koyi wayewa, ba gini ne zai koyi ƙauyanci ba. In ba za su iya bin ƙofar gaba ba, su zauna gida."

Maganar ta yi mata ɗaci, don ta san bakin da ya taɓa faɗin irinta. Ta je ta sami kakanta.

"Filin ni na bayar," in ji Malam Mudi. "Bangon baya kuma a kan iyakata yake. Sauran 'yan ƙungiya suna nan gindin durumi, zan ji ta bakinsu. Amarya, ashe kin fara gani."

Dattawa suka ce a fasa. Rabe ya fasa, ya kafa ƙyaure na katako, ya yi ɗan dakali. Hajo ta sa labule a tsakiyar ɗakin, ta tura kujeru gefe ta shimfiɗa tabarmi, ta sauke allon A YI SHIRU ta jefa bayan kantar littattafai. Ta mayar da lokacin buɗewa ya dace da dawowar mata daga niƙa da dawowar maza daga gona. Amina ce ta fara shigowa, ta ajiye ƙwaryarta a bakin ƙofa. Bayanta wata mai ƙuli-ƙuli da ke son koyon rubuta sunanta. Kafin mako ya zagayo, takalma sun cika dakalin, ana karanta wa tsofaffi littafin kiwon kaji da ƙarfi suna gardama da marubucin.

Labari ya kai Abuja. Zaharaddeen bai tsaya ko'ina ba sai rumfar Alhaji Maiwada a kasuwar Funtua. Abin da ya faɗa gajere ne: ɗiyarka ta sa wani birkila ya fasa mata ƙofa ta lungu, inda dattawa ba sa ganin mai shiga da mai fita.

Aka kira Hajo gida. Alhaji yana zaune a falo, ko gaisuwarta bai amsa da kyau ba.

"Na kai ki jami'a don ki ƙare da mai kwaɓa siminti? Har ya yi miki ƙofar sata?"

"Baba, ƙofar ta mata ce. Ba sa iya bi ta gaban surukansu."

"Zancen banza. Mai son karatu, kunya ce za ta hana shi? Raggwanci ne kawai irin na mutanen ƙauye." Ya nuna ta da yatsa. "Ba zan yi miki dole a kan kowa ba, Hajara. Amma wanda ya ɓata miki suna ba zai taka gidana ba. Gobe zan je da bulo in toshe ramin nan da idona, ki kwaso kayanki."

Ta shiga ɗaki ta tura wa Rabe saƙo.

"Baba zai zo gobe ya toshe ƙofar. Ya ce babu ni babu kai."

"Kada ki yi musu da shi, sanyin idona. Ni dai ina da rumfar da zan ƙarasa wa mata a bakin ƙofar. In an toshe, a toshe da inuwa."

Da hantsi suka isa, Alhaji a gaba da babbar riga, Hajo a baya, Keke Napep cike da bulo tana biye. A lissafin Alhaji, tsakiyar damina ce, duk wani mai rai yana gona. Ya manta cewa surukinsa ya daɗe da ajiye fartanya.

Yana karyo kwana ya hango durumi. Ya hango Malam Mudi a tsakiya, a kan buzunsa.

Alhaji Maiwada, wanda in ya yi tari a kasuwar Funtua farashin masara ke motsi, ya tsaya cak. Tunda ya auri uwar Hajo bai taɓa cin abinci a gaban tsohon nan ba, bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa wuce shi da takalmi ba. Yau kuma zai ratsa gabansa da faɗa a baki, ya shiga ɗakin gilashi ya yi ta ɗaga murya tsohon na kallo? Ya ja da baya ya laɓe jikin katanga. Ya gyara hula. Ya yi ƙasa da murya.

"Ke, babu wata hanya ne?"

"Akwai, Baba."

Ta shige gaba, ya bi ta lungu, yana tattare riga saboda taɓo. A bakin sabuwar ƙofa wani dogon saurayi yana kan tsani yana ɗaure rumfa. Yana ganin wanda ke tafe ya diro, ya durƙusa a inda ya faɗo, ya yi wata gaisuwa da ba a ji ƙarshenta ba, ya shige gonar masara. Takalmansa ma a nan ya bar su.

"Wane ne wancan?"

"Shi ne, Baba."

Alhaji ya dubi takalman, ya dubi masarar da ke kaɗawa. Ya ce, "Hm." Ya cire nasa a kan dakali, a cikin na mata, ya yi sallama ya shiga ta ƙofar da ya zo toshewa.

Mata suka gyara lulluɓi suka gaishe shi. Amina tana gaban kwamfuta da goyo a baya tana gwajin jarrabawa. Mai ƙuli-ƙuli ta ɗaga masa takarda ya ga sunanta, harufan sun karkace kamar shingen kara, amma suna karantuwa. Wata tsohuwa ta leƙa fuskarsa.

"Ba mijin 'yar gidan Malam ba ne? Kai ma ta nan ka biyo? Ai gara, ɗana. Gaban can ba ya biyuwa."

Alhaji ya ƙarasa ciki. Ya ɗage labulen tsakiya kaɗan, daidai lokacin da wata baƙar mota ta tsaya a gaban masallaci, ta watsa ruwan kwata har gefen tabarmar dattawa. Zaharaddeen ya fito, waya a kunne, baƙin tabarau a ido. Ya zo ganin an toshe masa rami. Ya ratsa gaban majalisa da takalminsa mai tsini, ya ɗaga musu makullin mota, wai gaisuwa ke nan. Malam Mutallabi ya janye igiyarsa don kada a taka.

Alhaji ya saki labulen. Ya fita ta inda ya shigo, ya bar takalmansa a dakali, ya zagaya ba takalmi har gindin durumi. Tun daga nesa ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba."

"A'a, Maiwada ne? Lafiya lau. Ta ina ka shigo garin nan ban ga wucewarka ba?"

Alhaji ya dubi ƙasa. Dattawa suka shiga shafa gemu, kowa na ɓoye bakinsa.

"Na ga kuma an sauke bulo a bakin lungu," in ji tsohon. "Na mene ne?"

"Na rumfar mata ne, Baba. Gudummawa na kawo."

"Madalla. Allah ya yi albarka. Ga Malam Mutallabi nan, yana da magana da kai, amma ba ta gindin bishiya ba ce. Zai turo ƙannensa."

"Duk yadda ka ce, Baba. Ƙofa a buɗe take."

Da yamma wayar Hajo ta yi ƙara.

"Malama Shiru, a taimaka a duba mini takalmana. Kuma wai da gaske ne?"

"Da gaske ne, angona. Takalman suna wurina. Sai ka kawo sadaki za ka karɓa."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a Funtua. Malam Mudi ne ya yi addu'a, bayan ya gama ƙorafin an ƙwace masa mata. Ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su riƙa jin kunyar juna daidai gwargwado. Jama'a suka shafa.

Nan ta tsaya, jikokina, ƙurunƙus.

Rabe ya ci jarrabawarsa, ya yi difilomar, yanzu malamin gona ne, yana yawo ƙauyuka a kan babur, taɓon dai bai rabu da ƙafarsa ba. Amina tana aiki a ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Alhaji Maiwada ya ƙara wa ɗakin sola, kuma duk zuwansa ta lungu yake bi. Zaharaddeen ya sauka daga shugabanci ya koma Abuja, sunan mahaifinsa yana nan a saman ƙofar gilashi, ana goge shi duk sallah. Hajo tana riƙe da ɗakin karatun, ta haifi 'ya mace, kuma har yau ba ta sake bi ta gaban durumi ba.